Malam Makulli, Wanda Ya Hana Ni Izini

Ƙarfe bakwai da kwata yake shigowa kwaleji, masu shara ba su ma gama da barandar ƙasa ba. Sai ya buɗe ɗan ɗakinsa da ke ƙarƙashin matakalar bene, ɗakin da ba taga sai tsohuwar fanka mai ƙara, ya tsaya gaban babbar kwamfutar da ke riƙe da fayilolinmu duka, ya duba ko ta kwafe aikin jiya ta adana. In ta yi ba ya murmushi, in ba ta yi ba ma ba ya mamaki, don shi dama bai taɓa yarda da ita ba. Daga nan sai zagaye, ofis-ofis, tebur-tebur, yana ɗaga kibod yana leƙa ƙasansa, yana neman 'yar takardar nan da muke rubuta kalmar sirri mu ɓoye. Wadda ya samu sai ya yayyaga ta, ya bar wa mai teburin gutsattsarin a kan kujera. Shekara ashirin da biyu ke nan yana wannan aikin, makon jiya ya ajiye shi.

A gaban idonsa Malam Makulli muke ce masa. A bayan idonsa kuwa Kunnen Shugaba, kuma tun kafin wani ya tona min asiri bari in tona wa kaina: daga bakina wannan suna na biyu ya fito. Ni ce mai buga takardu a ofishin jarrabawa, shekarata goma sha bakwai a kan kujera ɗaya, kuma in ana lissafin waɗanda suka zargi mutumin nan, ni ce a sahun gaba.

Ku ma ku duba mana. Mutum ne da ba fayil ɗin da ba zai iya buɗewa ba a duk kwalejin. Ba ya hira, ba ya zama shan shayi da mu, in ya shiga ofishin Shugaba sai ya ja ƙofa. Ƙawata mai kula da rajistar ɗalibai, wadda muke kira Rediyo don ba a kashe ta sai an tashi aiki, ta sha rantsuwa cewa wasiƙunmu yake karantawa in mun tafi gida. Duk wanda aka yi wa canjin ofis, ko aka hana shi hutu, sai mu kalli ɗakin ƙarƙashin bene mu gyaɗa kai. Hujja ko ɗaya ba mu da ita, amma mun gamsu da cewa biri ya yi kama da mutum.

Shi ma fa bai bar mu haka ba. Kamar yadda muke zarginsa haka yake zarginmu, sai dai shi nasa a fili yake yi. Ka kawo masa filash ka ce daga gida ka zo da shi, sai ya karɓa da yatsa biyu kamar an miƙa masa mataccen ɓera. Ka ce masa wallahi ba ka taɓa komai ba, kwamfutar ce kawai ta ƙi, sai ya ce to, da irin to ɗin da ke nufin za mu gani.

Babban abin da ke haɗa mu da shi saƙon nan ne da ke fitowa a tsakiyar allo, mai cewa ba ka da izini. Ba a wuni bai fito wa wani ba. Kana sauri, ana jiran takarda, ka danna fayil ya ƙi buɗuwa, ko ya buɗu ka gama gyara ya ƙi adanawa. Sai a aika a kira Malam. In ya zo yana da tsarinsa da ba ya canzawa ko gobara ake yi. Ba ya zama a kujerarka, ba ya taɓa linzamin kwamfutarka. Wata kujera yake jawowa ya zauna gefe, ya ce ka shiga da sunanka, don shi in ya shiga da nasa kowace ƙofa buɗe masa take yi, ba zai ga abin da ya tare ka ba. In za ka buga kalmar sirri sai ya juya fuskarsa bango. Rediyo ta ce wannan duk burga ce, da kunne yake ƙirga maɓallan. Sannan ya yi maka tambayoyinsa uku: wa ya yi fayil ɗin, a wace folda yake zaune, kuma me kake so ka yi da shi, karantawa ko gyarawa. Sai ka amsa su duka sannan zai motsa, ko da kuwa Shugaba ne tsaye a kanka.

Mai kula da laburare za ta ba da shaida. Da aka canza mata kwamfuta aka kwaso mata tsofaffin fayilolinta, ko ɗaya ya ƙi buɗuwa. Jerin littattafai na shekara goma, ta zauna tana kuka wai sun tafi. Malam ya zo ya duba, ya ce mata suna nan lafiya lau, kwamfutar ce har yanzu take jiran mai su, wato tsohon sunan da take shiga da shi wanda aka goge. Ya mayar da mallakarsu kan sabon sunanta, ya ce ta danna. Da foldar ta buɗu sai ga hotunan marigayi mijinta da wasiƙunsu a cakuɗe da na aiki. Ta ce kafin ta ɗago kai har ya tashi ya koma bakin taga, yana kallon waje, bai juyo ba sai da ta ce ta rufe. Da ta ba mu labari, amsar da ta samu a ofishinmu ita ce ai ya riga ya gama kallonsu tun jiya.

Malamin lantarki kuma wata rana ya sauko yana kumfar baki, wai abokin aikinsa ya kulle masa tambayoyin jarrabawa don hassada, har ya fara ambaton iyaye. Malam ya bar shi ya gama, ya duba, ya ce ba wanda ya kulle komai, fayil ɗin a buɗe yake a wata kwamfutar, shi ya sa ba ya karɓar gyara daga nan. Suka hau ɗakin malamai tare. Kwamfutar kusurwa ce, kuma da sunan malamin lantarkin aka shiga, shi da kansa ya buɗe da safe ya tashi bai rufe ba. Malam bai taɓa ba da wannan labarin ba, masinja ne ya gani ya yaɗa.

Masinjan nan dai shi ya ji ranar da Shugaba ya gaji da ƙorafinmu, ya ce wa Malam ya buɗe foldar ofis gaba ɗaya, kowa ya karanta kowa ya gyara, a huta. Malam ya ce, "Ranka ya daɗe, in na buɗe wa kowa, ranar da abu ya ɓace kowa ne ya ɗauka." Shugaba ya bar maganar. Mu da muka ji sai muka ce ka ji mutum mai son mulki.

Yanzu sai tawa.

Shekara biyu da rabi da suka wuce, wata Litinin a farkon zango, na buɗe fayil ɗin sakamakon ɗalibai zan gyara harafi ɗaya a sunan wani. Ya buɗu, na gyara, ya ƙi adanawa. Na aika a kira Malam. Wannan karon ko kujera bai jawo ba. Daga tsaye ya ce min ba lalacewa ba ce, shi ya yi. Daga yau zan iya karantawa, zan iya bugawa a takarda, amma gyara sai mai kula da jarrabawa da mataimakinsa. Na tambaye shi dalili, ya ce an rage masu gyara ne. Na ce mutum nawa aka rage. Ya ce ɗaya.

Kai jama'a. Fayil ɗin da ni na zana shi da hannuna, ni na ja layukansa, ni na sa masa kai. Shekara da shekaru ba a taɓa kama ni da ko waƙafi ba. Na ji kamar an mare ni a tsakiyar kasuwa. Na kai ƙara wurin Shugaba, ya ce harkar kwamfuta ta Malam ce. Tun daga ranar na daina gaishe shi. Shi kuwa kullum in ya zo ɗaga kibod ɗina sai ya ce, "Malama, an tashi lafiya?" ni kuma in juya ina gyara takarda a firinta. Shekara biyu cur muna haka.

Akwai ƙanwar maigidana da ke zaune a gidanmu, a zangon nan ta shigo kwalejin, sashen ɗinki. Ba wanda bai san alaƙarmu ba, don yarinyar ba ta da kunya, da rana sai ta faɗo ofis tana matar yaya, matar yaya, ta buɗe min jaka ta ɗauki abin da ta ga dama. A jarrabawarsu ta ƙarshe, kafin a kafe sakamako, malamin lissafi ya ga takardar a teburin Shugaba. Idonsa ya faɗa kan sunanta, ya ga saba'in da ɗaya. Shi kuwa ya tuna sarai talatin da huɗu ya ba ta, don har ya kira ta ya yi mata faɗa. Aka buɗe bayanan fayil ɗin, a wurin da ake rubuta wanda ya ƙirƙire shi sai ga sunana ɓaro-ɓaro.

Kafin azahar kwalejin ta ɗauka. In na shiga ɗaki sai magana ta mutu. Mataimakin mai kula da jarrabawa ya janye makullin kabad daga inda muke rataye shi ya sa a aljihu, a gabana. Rediyo, wadda kullum sai ta aro abin maƙala takarduna, ta koma aro a ofishin sama. Da yamma aka miƙo min wasiƙa: kada in sake taɓa kwamfuta, ranar Alhamis in bayyana gaban kwamiti. Kowa ya san hukuncin taɓa maki, kora ce, kuma irin korar da ke bin mutum har gidan sunan jikokinsa. Na ce musu ni ba ni ma da izinin gyara fayil ɗin nan, aka ce in bari sai ranar zama.

Wadda ta fi ci min rai a gida ta same ni. Maigidana ya daɗe yana juya cokali a kofi, sannan ya ce, ba tare da ya kalle ni ba, "Ke dai ba ki taɓa ba ko?" Shekara ashirin da aure. Na tashi na bar masa wurin, don in na buɗe baki ba za a ji daɗi ba.

Kwana ukun nan na gama shari'ata a zuci, na kuma yanke hukunci. Wa ke da makullin kowace ƙofa? Wa zai iya shiga ya canza lamba ya bar sunana a kai? Wa na yi shekara biyu ina shanyawa in ya gaishe ni? Na ce mutumin nan ramawa ya yi, kuma ya iya.

Ranar Alhamis mutum biyar na tarar a ɗakin taro. Can sai ga Malam ya shigo da ƙaramar kwamfuta da wayoyinsa, ya haɗa ta da na'urar da ke haska allo a bango. Na ce a raina ga mai yankan ya iso da wuƙarsa. Ya nemi Shugaba ya bar ni in zauna in shiga da sunana, in buɗe fayil ɗin, in canza maki ɗaya, kowanne na ga dama, in adana. Na ce ba zan yi ba, ni ba yarinya ba ce da za a haƙa min rami a ce in taka. Shugaba ya ce umarni ne. Na zauna, Malam ya juya fuskarsa bango kamar kullum, na buga kalmar sirrina. Na canza makin ɗalibin farko, na danna adanawa. Sai ga saƙon nan ya fito a bango, ƙato, kowa na gani. Na sake dannawa, ya sake fitowa. Malam ya nuna musu ranar da aka cire min izinin gyara, shekara biyu baya, ya kuma bayyana cewa sunan da suka gani na wadda ta fara ƙirƙirar fayil ɗin ne tun fil azal, ba na wanda ya taɓa shi a ƙarshe ba.

Mataimakin ya ce ruwa ba ya tsami banza, ai zan iya satar kalmar sirrin wani in shiga da ita. Malam ya ce shi ma abin da ya fara zato ke nan, kuma ni ya fara bincika, kwana biyu yana bin sawun kwamfutata bai ga komai ba. A gabana ya faɗi haka, ko ƙifta ido bai yi ba. Sannan ya ɗauko kwafin fayil ɗin na makon da ya gabata, cikin waɗanda babbar kwamfuta ke adanawa, ya jera shi gefe da na yanzu, ya ce su bar kallon suna ɗaya, su bi layin har ƙasa.

Ba maki ɗaya ne ya canza ba. Sunaye goma sha huɗu na ƙarshen jerin, kowanne ya hau layi ɗaya sama, ya ɗauki makin wanda ke gabansa. An yi gyaran ranar Talata da hantsi, da sunan mai kula da jarrabawa, daga kwamfutarsa. Bawan Allah ya dafe kai ya yi salati. Ya tuna: wani ɗalibi ne ya bar makaranta, ya goge sunansa, amma sunan kawai ya goge ya bar makinsa a wurin, sai sunayen ƙasa suka matso sama makin na zaune inda yake. Ba ɓarawo, ba maƙarƙashiya. Ɗalibai goma sha huɗu na ɗauke da makin maƙwabtansu, biyu daga ciki sun ci amma ana shirin kafe su a matsayin faɗaɗɗu, kuma ba wanda ya lura, saboda duk idanun kwalejin a kaina suke.

Aka ce in yi haƙuri. Ƙanwar maigidana ta koma kan talatin da huɗunta na halak, ta yi wata guda ba ta yi min magana, wai da na yi shiru da ta wuce. Maigidana ya yi ta kame-kame, ya sayo min takalmin da bai yi min daidai ba. Rediyo ta dawo aron abin maƙala takardu kamar ba a yi komai ba, har tana cewa ita dama ta san ba zan aikata ba. Washegari na gaishe da Malam, ya amsa da muryar da yake gaishe ni shekara biyu, ba ƙari ba ragi. Amma in faɗi gaskiya, ko a lokacin ban wanke shi duka ba. A raina cewa nake ya cire min izini ne don yana ganin hannuna ba shi da tsarki, Allah ne kawai ya juya abin ya zama alheri.

Malam, kai ne mutumin da muka ba amanar duk abin da muka rubuta, muka kuma hana ka amanar zama kusa da mu. Kai ne ka san sirrin kowa, aka yi shekara ashirin da biyu ba a ji na mutum ɗaya a bakinka ba. Makulli, maganin ƙofa mai yawan baƙi.

Ranar da ya ajiye aiki an yi ɗan taro a ɗakin malamai, aka yi jawabai, aka ba shi agogon bango. Bayan an watse na sauka ɗakin ƙarƙashin bene. Na same shi yana zuba sukundireba da tsofaffin wayoyi a kwali, matar da za ta gaje shi tana zaune gaban babbar kwamfuta tana cire masa izininsa ɗaya bayan ɗaya, yana tsaye a kanta yana tabbatarwa ba ta bar ko ɗaya ba. Na jira ta fita. Na ce masa tambaya ɗaya ce ta kawo ni, kuma ina son gaskiya: ranar da ya hana ni gyara fayil ɗin nan, me ya gani a tare da ni?

Ya ci gaba da naɗe wayar da ke hannunsa. Ya ce, "A tare da ke ban ga komai ba, Malama. An kawo min sunayen sababbin ɗalibai in buɗe musu shafi, sai na ga adireshin gidanku a gaban sunan wata. Ni kuma na san halin mutanen kwalejin nan. Na ce duk ranar da maki ɗaya ya motsa, ke za a kalla."

Na ce to me ya hana ka gaya min tun a lokacin.

"Da na gaya miki, za ki ce zargin ki nake yi."

Na ce ai ko da ba ka faɗa ba haka na ce.

Ya ce, "To kin ga gaisuwa kawai na rasa. Ke kuwa aiki za ki rasa."

Ya ɗauki kwalinsa ya ce in ja masa ƙofar in zan fita. Na tsaya a ɗakin nan fanka na ƙara har ya ƙule.

Shi ya sa na zauna na rubuta wannan. Ku da kuke da irinsa a wurin aikinku, mutumin da kuke kira kawai in allo ya ce ba ku da izini, ku tambaye shi dalili kafin ku raɗa masa suna. Ku kuma masu riƙe da makullan mutane, ku yi koyi da shi: ku ba kowa daidai abin da aikinsa ke buƙata, ku kau da kai daga abin da ba naku ba, ku jure baƙin jinin da ke biyo baya.

Malam, na gode. Saura min shekara uku ni ma in ajiye aiki, kuma ta ƙofar gaba zan fita, da sunana a wanke. Allah ya ba ka lafiya da hutu mai albarka, ya rufa maka asiri kamar yadda ka rufa na mutane. A ɗakin nan bakina ya yi nauyi ban nemi gafararka ba. Ina nema yanzu a gaban jama'a, tunda a gaban jama'a na ɓata ka.